Kwalbar da Na Nuna wa Yaya Sule

Kun sha tambayata, musamman ke Safiya da ba ki iya barin magana a ciki, me ya sa Kawunku Sule yake amsa gaisuwata kamar ta baƙuwar da ta ɓata hanya. Kun ji labarin a bakin matan gidan Toranke, kun ji shi a wajen biki da wajen makoki, kowa da irin gishirin da ya zuba masa. Wasu sun ce muku na kulle magani a firiza har 'yar ɗan'uwana ta mutu. Wasu sun ce mutanen waje da nake aiki da su ne suka ɗaure mini hannu. Tunda yanzu na ajiye aiki na dawo Gaya, ƙafa ta yi nauyi amma kai yana nan daram, bari in rubuta muku yadda abin ya faru, kada bayan raina ku gaji karkatacciyar magana. Ban ce ku bi bayana ba. Kawunku mutumin kirki ne, kuma duk wanda ya raina shi a cikinku saboda abin da zai karanta a nan, ban yafe ba.

Ku fara sanin matsayinsa a wurina. Lokacin da Baba ya rasu ina ajin ƙarshe a firamare, dangi suka ce karatun ya isa haka. Yaya Sule, wanda gemu ma bai gama fito masa ba, shi ya kafe ya ce sai na ci gaba. Shi yake goya ni a keke daga Toranke zuwa bakin titi duk lokacin komawa makaranta, akwatina ɗaure a gaba, yana tuƙi yana yi mini faɗa a kan barci a aji. Ya yi aiki a sashen gona na ƙaramar hukuma har ya yi ritaya, bai taɓa sakin fartanya ba. Da aka haifa masa 'ya mace ta fari sai ya sa mata sunana, Rabi, gida da waje aka riƙa kiranta Takwara. Ni na fara yi mata kitso, ni na saya mata jakar makaranta ta farko.

Aikina kuwa, wanda gidanmu suka mayar abin dariya shekara da shekaru, bincike ne a kan garkuwar jiki. A cikin jinin kowane mutum akwai wasu ƙananan halittu da muke kira ƙwayoyin T. Wasunsu mayaƙa ne, da sun ga cuta sai su far mata. Wasunsu kuma aikinsu shi ne su ce wa 'yan'uwansu ya isa, a dakata, kada a haɗa da mai gida. Suna aika wa juna saƙon ne da wasu sinadarai na furotin. Ni abin da na ɓata ƙuruciyata a kai shi ne in gane wane saƙo ne yake mayar da ƙwayar T ta zama mai cewa a dakata. Ba a fara irin wannan gwaji da mutum, don haka ɓeraye muke kiwo, farare tas, mu ciro ƙwayoyin daga saifarsu, mu zuba a 'yan ƙananan faranti, mu ɗiga musu furotin ɗin, mu zuba ido. Shi kansa furotin ɗin ba daga jikin ɓera ake tatso shi ba. Ana ɗauko umarnin yin sa daga gadon halittar ɓera, a dasa a cikin bakteriya, su yi ta ƙera shi, sannan a tace, a busar, a rufe a kwalbar da ba ta kai kan ɗan yatsa ba. Daga ƙasar waje yake zuwa mana cikin akwatin ƙanƙara, bayan an yi ta jira har rai ya ƙosa. A jikin kowace kwalba an rubuta cewa na bincike ne kawai, ba na yi wa mutum ko dabba magani ba.

Inna, mahaifiyarmu, ba ta taɓa yarda cewa wannan aiki ne ba.

“Ni dai ban taɓa ganin irin wannan ba,” in ji ta. “Mu muna nan muna liƙe ramin ɓera a gindin rumbu, ke an ba shi ɗaki mai sanyi kina kai masa abinci. Har albashi ake biyan ki?”

“Har albashi, Inna.”

“To, Allah ya kyauta.”

Yaya Sule kuwa Magajiyar Ɓeraye yake ce mini, in na shigo gida ya tambaye ni lafiyar talakawana. Amma shi ba kamar sauran ba ne, yana tsokana yana kuma sauraro. Wata ranar Sallah, bayan an ci tuwo an watse, ya zaunar da ni a zaure ya ce in yi masa bayani yadda zai gane. Na yi masa. Na ce ya ɗauka faɗa ne ya kaure a kasuwa, akwai masu dambe, akwai dattawan da ke shiga tsakani, ni kuma ina neman abin da ke tashin dattawan daga zaune. Ya jinjina kai ya ce lalle wannan aiki ne. Na ji daɗi a ranar ƙwarai, domin shi kaɗai ne a gidanmu ya taɓa tambayata da gaske. Yaya mutum ne da ba ya yar da magana, in ya ji ta ya adana ta ke nan.

Shekarar da nake ba ku labari, Takwara ta gama sakandare tana jiran shiga makarantar koyon jinya. Bayan an cire gyaɗa ciwon ya fara. Gaɓoɓinta suka kumbura, zazzaɓi ya riƙa zuwa yana tafiya, wani ja ya fito mata a kumatu, in ta taje kai sai gashi ya biyo matajin. An yi maganin zazzaɓin sauro, an yi na taifod, an sha rubutu, an sha saiwa, babu abin da ya motsa. Da na zo na gan ta, ban ko kwana ba na sa su a mota sai Kano. Bayan gwaje-gwaje, likitan, wani mai haƙuri da sanyin murya, ya zaunar da ni da Yaya ya ce sunan ciwon lufus. Ya ce ba a warkewa daga shi gaba ɗaya, amma ana lallaɓa shi a rayu. Da Yaya ya nemi ƙarin bayani, sai ya ce garkuwar jikinta ce ta juyo tana yaƙar ta, waɗanda ya kamata su ce a dakata sun yi rauni.

Yaya ya juyo ya dube ni, fuskarsa ta washe. Tun da ciwon ya fara ban ga ya yi murmushi ba sai a lokacin. Nan take na san maganar da ya tuno.

Bai ce komai ba a ranar. Aka ba Takwara maganin asibiti, aka ce a riƙa kawo ta duk wata a duba jininta da ƙodarta. Maganin ya kwantar da zazzaɓin da ciwon gaɓoɓin, amma ya kumbura mata fuska har idanunta suka nutse a cikinta, kuma kun san bakin mutane. Mata suka fara zuwa dubiya suna fita suna ƙus-ƙus. Yaya ya tsani maganin nan tsana mai tsanani, ya ce ya karɓi 'yarsa ya ba shi wata.

Wata safiya ina ɗakin bincike sai aka ce ana sallama da ni. Na fito na tarar da shi tsaye cikin farar babbar rigarsa ta Juma'a, wadda ba ya sawa sai zai ga manya. Tun da nake aiki bai taɓa zuwa wurin ba. Muka gaisa, na kawo masa ruwa bai sha ba.

“Rabi, na jira ki fara maganar, ba ki fara ba,” ya ce. “Abin nan da kika ce yana tashin masu raba faɗa. Shi na zo karɓa.”

Na yi masa bayani iyakar iyawata. Na ce na ɓera ne, yana kama da na mutum amma ba ɗaya ba ne, jikin da yake yaƙar naman kansa kuwa ba a san abin da zai yi ba in ya ga baƙo. Na ce ba a tace shi don jinin mutum ba. Na ce babu mahalukin da ya san adadin da za a ba ta, kuma abin da kaɗan ɗinsa yake kwantar da faɗa, in ya ɗan yi yawa shi ne yake hura wutar. Yana ji yana gyaɗa kai, irin gyaɗawar mai jiran ka gama. Da na yi shiru sai ya ce to ya ji, amma in nuna masa ya gani da idonsa. Ban ga laifin hakan ba. Na ɗauka in ya ga ƙanƙantar abin da rubutun da ke jikinsa zai fi yarda. Na shiga da shi, na buɗe firiza, na ciro kwalba guda sabuwa da ba a taɓa buɗewa ba, na share raɓar da ta lulluɓe ta na miƙa masa.

Ya ɗaga ta saitin taga. Ya juya ta, ya karkata ta, ya girgiza ta kusa da kunnensa.

“Ina abin?”

“Yana ciki, Yaya, a can ƙasa. Busar da shi aka yi, kuma ɗan mitsitsi ne, ido ba ya kama shi. Sai mun zuba masa ruwa.”

“Rabi, ni kika mayar yaro?”

Sai a lokacin na ga kwalbar da idonsa. Ni na shekara ina aiki da irinta har na manta yadda take ga wanda bai sani ba. Abin da ke ciki bai kai ƙurar da ke maƙale wa yatsa ba, mu kanmu sai mun juya kwalbar a inji ya taru a gindi kafin mu buɗe, don kada ya bi iska. Ga mai ido, kwalba ce wayam. Na ruɗe na ciro wata, na ciro wata, duka haka suke, ina ƙara ciro su ina ƙara ɓata lamarin. A ganinsa na ɓoye masu cikar na tara masa fankon da aka gama amfani da su. Ya ajiye ta a kan tebur a hankali, ya gyara rigarsa.

“Da kin ce mini ba za ki bayar ba, da ya fi mini sauƙi,” ya ce. Ya fita, na bi shi har bakin ƙofa ina kira, bai waiwayo ba.

Ba a jima ba Inna ta aiko in zo. Damina ta zauna, gero ya kai gwiwa, hanyar Toranke duk taɓo. Na isa bayan azahar na same su a rumfar tsakar gida, Inna a kan tabarma da carbinta, Yaya a gefe a kan turmi. Inna ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne, sai dai ta ce yayanki.

“Yayanki ya ce ya je wurinki kin nuna masa kwalba babu komai.”

“Da abu a ciki, Inna. Wallahi da abu a ciki. Amma ko cike take fal ba zan bayar ba, domin ba magani ba ne.”

“Da bakinki kika faɗa mini aikinsa,” in ji Yaya. “A zauren can. Likita ya maimaita maganarki kamar yana wurin. Yanzu kuma ya zama ba magani ba?”

“A cikin faranti yake yi, Yaya, a kan ƙwayoyin ɓera.”

“To ki gwada a kanta mana! Ni ubanta na yarda. In ta mutu ni na ce a yi. Ranar da aka yi mata naki, ranar zan haƙa rami in binne wancan na asibitin da ya lalata mata fuska.”

Inna ta ɗaga masa hannu ya yi shiru. Ta daɗe tana kallona, sannan ta yi tambayar da ta fi duk tambayoyin da aka taɓa yi mini a zauren jarrabawa nauyi.

“In da Safiya ce kwance a ɗakin can, za ki yi mata?”

“Ba zan yi mata ba, Inna.”

“To, na ji,” ta ce. Ta juya wajen Yaya. “Maganin asibiti ba za a daina ba muddin ina numfashi. Kai kuma ka bar ta da Allah, shi ya san abin da ke cikin kwalbar da abin da ke cikin zuciyarta.”

Ku lura, Inna ba ta ce ta yarda da ni ba. Ta raba mu ne kawai, yadda ta saba raba mu muna yara. Yaya ya tashi ya ɗauki fartanyarsa ya fice, ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba.

Abin da zan faɗa yanzu ku ne na farko da za ku ji shi, kuma kada ya kai kunnen Kawunku muddin yana raye. Na shiga ɗakin Takwara in yi mata sallama. An saki labule saboda rana tana tayar mata da ciwon, tana zaune a bakin gado da littafin kimiyyarta na sakandare a kan cinya. Duk ta ji abin da aka yi a rumfa. Ta ce in matso kusa, ta rage murya.

“Gwaggo, ni na san ba zai yi ba. Na gane bayaninki. Amma ki taimaka ki zo da kwalbar, ki zuba mata ruwan allura zalla, ki yi mini a gabansa. Ruwa ai ba zai cuce ni ba.”

“Takwara, kin san abin da kike cewa?”

“Baba ba ya cin abinci, Gwaggo. In an kai masa sai ya juya cokali ya ture. Yana ganin akwai abin da zai cece ni a Kano, shi kuma ya kasa kawo mini. In aka yi, hankalinsa zai kwanta, ku ma ku shirya. Ba wanda zai ji daga bakina.”

Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta karkata. Abu ne mai sauƙi ƙwarai. Ruwan allura yana ko'ina, hannuna ya iya, kafin la'asar ta gobe da na dawo da ɗan'uwana. Na zauna ina kallon yarinyar nan da ciwo yake ci, amma damuwarta cikin ubanta, na ji ƙaunarta ta cika ni. Sai dai na ji abin da ya ce a rumfa, kuma na san Yaya, in ya faɗi abu ya faɗa. Inna ta tsufa, ba kullum idonta zai kai ba. Na kuma san halin ciwon, yana lafawa da kansa wani lokaci, in ya lafa bayan allurata kowa zai ce ta warke, a daina zuwa Kano, alhali gwajin ƙarshe ya nuna ya fara taɓa ƙoda. Bayan wannan kuma duk mai ciwon gaɓoɓi daga Toranke har Balan zai zo ƙofata neman ruwan ɓera.

“In na yi, zai hana ki maganin asibiti,” na ce.

“Zan riƙa sha a ɓoye.”

“Wa zai kai ki a duba ƙodarki, in ya ɗauka kin warke?”

Ta murza gefen littafin. Can ta ce, “To Gwaggo, zai daina yi miki magana fa.”

“Na sani.”

Ta kifa kanta a kafaɗata ta yi kuka, ni ma na yi. Ta roƙe ni kada in taɓa gaya masa ta nemi a yaudare shi, na yi mata alkawari. Sau da yawa daga baya, in magana ta yi zafi a dangi, kalmar takan zo mini har bakin leɓe in haɗiye ta. Da na faɗa, wataƙila da ya gane cewa ita kanta ta san ba magani ba ne. Amma da na ƙwace masa abin da ya rage masa na 'yarsa, cewa ba ta taɓa yi masa ƙarya ba ko a zuci.

Yaya ya bi umarnin Inna. Duk wata yakan kawo Takwara Kano da kansa, su yi sammako su koma a ranar, bai ƙara taka ƙofar gidana ba. Nakan je in same su a asibiti, da ya hango ni sai ya tashi ya koma gindin bishiya a waje har in gama. Ciwon ya lafa, fuskar ta saɓe, gashi ya dawo. Makarantar jinya dai ba ta yiwu ba, amma ta koyar da yara a firamaren garin, har tana turo mini hotunan 'yan ajinta. 'Yan shekarun nan da ta samu masu kyau ne, na gan su da idona, kuma ina gode wa Allah da su. A cikinsu Inna ta rasu. Bayan nan ƙodar ta gaza, aka yi abin da za a iya, wata ranar bazara da hantsi Takwara ta cika a asibiti, hannunta ɗaya a nawa, ɗaya a na ubanta, gado a tsakaninmu.

Binciken da na yi da waɗancan kwalabe ya fito daga baya, ya ƙara ɗan abu kaɗan a kan abin da aka sani. Bai warkar da kowa ba, ba a kuma yi shi don ya warkar da kowa a shekarar ba. Yanzu ina jin cewa a wasu wurare ana gwada irin wannan furotin, na mutum ba na ɓera ba, tataccen gaske, kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin idon likitoci, a kan masu irin ciwon Takwara. Ranar da na fara karanta haka na rufe ƙofa na daɗe a zaune. Tunanin Yaya bai yi nisa da hanya ba, manomi ne da ya ji bayani sau ɗaya ya hango inda masana suka dosa. Abin da ya nema ne babu shi a firizata, babu shi a ko'ina a lokacin. In aka mayar da ni rumfar nan yau, amsar da na bayar ita zan sake bayarwa. Wannan bai rage mini zafin komai ba, ina kewar ɗan'uwana kullum, alhali yana nan da ransa, tafiyar da ba ta kai a gaji ba tsakanina da shi. Ku riƙa zuwa kuna gaishe shi, ku kai masa jikoki, in ya yi maganata ku yi shiru.

Bayan sadakar arba'in ɗin Takwara ya aiko mini a karon farko cikin shekaru. Na yi murna har na kasa ɗaura ɗankwali daidai, na ɗauka mutuwar ta sassauta shi. Da na isa sai na tarar da liman da mai unguwa zaune a zaure. Tun rasuwar Baba ba mu taɓa raba gonarsa ba, mu biyu ne kaɗai muka rage, Yaya yake nomawa, in kaka ta yi ya aiko mini da gero da wake, ba a taɓa auna na wane ya fi ba. A garinmu ana misali da mu a kan haka. Yanzu ya ce yana so a raba, kowa ya san nasa.

Na ce ba na so, na bar masa duka. Ya ce wa liman, ba ni ba, cewa ba ya karɓar kyauta. Muka ɗunguma zuwa gonar. Aka auna yadda shari'a ta ce, liman yana faɗa, mai unguwa yana kafa alama. Yaya ya riga ya tono saiwar gamba ya tara a gefe, ya durƙusa da tsufansa yana dasa ta a kan iyaka da hannunsa, bai bar kowa ya taya shi ba. Da na duba sai na ga ɓangaren da ya ware mini shi ne na gangaren fadama, mai baƙar ƙasa, inda ɗorawar Baba take, wurin da ko damina ta yi gardama ba ya hana amfani. Ya bar wa kansa tudun yashi.

Na matsa kusa da shi, na durƙusa yadda nake yi tun ina yarinya.

“Yaya, wannan ɓangaren ai ya fi naka kyau nesa ba kusa ba.”

Bai ɗago ba sai da ya danne saiwar ƙarshe da tafin hannunsa. Sannan ya dube ni ido cikin ido, abin da ya yi shekaru bai yi ba.

“Na sani,” ya ce. “Ba na so gobe kiyama ki ce na riƙe miki wani abu.”

Ya karkaɗe ƙasar gwiwarsa, ya yi wa liman godiya, ya bi ta cikin nasa ɓangaren ya tafi gida.